Zare: "Rafali ya cuce mu!" Tarihin mai raba faɗa, daga kejin UFC zuwa gidan dambe

1/ Jama'a, tunda gardamar "rafali ya yi saurin tsayarwa" ta sake tashi, bari in yi muku zare a kan mutumin da kowa ke zagi a fagen faɗa, wato mai rabawa. Za mu tashi daga Kakuri, mu leƙa Ingila da Amurka, mu dawo gidan dambe. Da ɗan tsawo fa, ku gyara zama. 🧵

2/ Lahadi 13 ga Nuwamba 2022, bayan sallar asuba. Gidan kallon unguwarmu a Kakuri ya cika maƙil. Hausawa, Bajju, Ibo, Yarabawa, 'yan Makera, 'yan Television, har da waɗanda suka taso daga Sabo. Ranar kowa ɗan Najeriya ne, don Israel Adesanya ke kare kambunsa a gaban Alex Pereira na Birazil.

3/ Ga wanda ba ya bi: wannan MMA ce, damben cikin keji da ake haɗa naushi da shuri da kokawa. An yi turmi 4, Adesanya na gaba da 3 da 1 a takardun alƙalai duka uku. Saura minti 5 kawai ya lallaɓa ya koma gida da kambunsa.

4/ A turmi na 5 Pereira ya matse shi a jikin keji ya yi ta zuba masa. Adesanya bai faɗi ba, yana sunkuye yana kauce-kauce, amma ba ya ramawa. Sai rafali Marc Goddard ya shiga tsakani ya tsayar. Wallahi benci ya kusa karyewa a gidan kallon nan. Ni ma ina cikin masu ihun an cuce mu.

5/ Na koma gida ina huci, na tarar da kawuna yana shan koko. Tsohon mahauci ne, ya sa zare a ƙuruciyarsa. Na ba shi labari. Ya ce: "Ɗana, shi yaron ya sauko da ƙafafunsa?" Na ce e, Kawu. Ya ce: "To, ku gode wa alƙalin." Na ji haushi. Haushin ne ya sa na shiga tonon tarihi.

6/ Abin da na gano a taƙaice: kusan duk wata doka da kuke gani a wasan faɗa, sai da aka zubar da jinin wani ko aka binne wani kafin a kafa ta. Ba masu riga da kwat ne suka ƙirƙiro ta don su ɓata mana nishaɗi ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

7/ Ingila, 1743. Lokacin da hannu tsirara ake dambe. Zakaransu Jack Broughton ya fito da dokoki: ba a dukan wanda ya faɗi, kuma wanda ya faɗi yana da daƙiƙa 30 ya dawo fage, in ya kasa an cinye shi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne wani abokin karawarsa ne ya mutu bayan sun dambata.

8/ A 1867 aka buga dokokin Queensberry, su ne tushen damben boksin na yau: safar hannu, turmi na minti 3, hutun minti 1, da ƙirga 10 ga wanda ya faɗi. Duk da haka mutane ba su daina mutuwa ba. Shekarar 1982 kaɗai ta ishe mu misali.

9/ Yuni 1982 a Landan, wani ɗan Najeriya da ake kira Young Ali ya kara da Barry McGuigan. An buge shi a turmi na 6, ya suma, bai farfaɗo ba har ya rasu bayan watanni. Da McGuigan ya ci kambun duniya a 1985, gare shi ya sadaukar da nasarar. Mu nawa ne muka taɓa jin sunansa?

10/ 13 ga Nuwamba 1982 a Las Vegas, Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu ya kara da Ray Mancini. Ya sha duka yana ramawa, 'yan kallo na ta tafi, har turmi na 14 ya faɗi. Kwanaki kaɗan ya cika. Daga nan hukumar WBC ta rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12, sauran suka biyo baya.

11/ Ku duba kwanan watan nan da kyau. Ranar da muke zagin Goddard a Kakuri, ranar Kim ya cika shekara 40 cif da shiga dambensa na ƙarshe. Mahaifiyarsa da rafalin wasan duk sun kashe kansu cikin shekarar da ta biyo baya. Mancini ya ɗauki abin a ransa shekara da shekaru.

12/ To mu zo kan UFC. An fara ta 12 ga Nuwamba 1993 a birnin Denver na Amurka. Babu ajin nauyi, babu alƙalan maki, ba dole ba ne ka sa safar hannu. Hanya uku ce ta gamawa: ka suma, ka miƙa wuya, ko mutanenka su jefa tawul.

13/ Wasan farko da aka nuna: Teila Tuli, ɗan kokawar sumo, da Gerard Gordeau na Holan wanda Tuli ya kusa ninka shi a nauyi. Daƙiƙa 26 aka yi. Tuli na ƙasa Gordeau ya shure shi a baki, haƙori ya yi tsalle waje. Rafali ya shiga tsakani, alhali dokar ranar ba ta ba shi wannan ikon ba.

14/ Kun ji fa: an sa rafali a keji amma an hana shi rabawa. A gasa ta 2, Maris 1994, aka kawo John McCarthy, ɗan sanda daga Los Angeles. A gabansa Pat Smith ya haye Scott Morris yana sara masa gwiwar hannu a fuska, mutanen Morris ba su jefa tawul da wuri ba, shi kuma ba shi da ikon tsayarwa.

15/ McCarthy ya ce shi kam ba zai sake ba sai an ba shi ikon tsayar da wasa in mutum ya daina kare kansa. Aka ba shi. Wannan ikon da muke zagin rafali a kansa yau, haka aka samo shi. Ma'aunin har gobe shi ne: yana kare kansa da hankalinsa? Ba wai yana tsaye ko yana kwance ba.

16/ Daga waje ma wuta ta taso. A 1996 Sanata John McCain ya kamanta wasan da faɗan zakaru, ya rubuta wa gwamnoni, jihohi da dama suka haramta shi, kamfanonin talabijin suka janye. UFC ta ga in ba ta gyara ba za ta mutu.

17/ Sai gyara ya biyo:
1997, Fabrairu: ajin nauyi
1997, Yuli: safar hannu ta zama dole
1999: turmi na minti 5 da lissafin maki 10
2001: dokokin bai ɗaya daga jihar New Jersey
A 2001 ɗin aka sayar da UFC dala miliyan 2 kacal. Jihar Niyok ba ta halatta wasan ba sai 2016.

18/ Amma kowane gyara da tasa matsalar. Da aka sa iyakar lokaci, dole a samu wanda zai faɗi wa ya ci in babu wanda ya faɗi. Nan alƙalai 3 na gefe suka shigo. Wanda ya ci turmi a ba shi 10, ɗayan 9 ko ƙasa. Daga damben boksin aka aro tsarin.

19/ Abin da yawancinmu ba mu sani ba: ba adadin naushi ake ƙirgawa ba. Abu na farko shi ne dukan da ya yi tasiri da kokawar da ta yi tasiri. Sai an yi kunnen doki a nan ake duba wa ya fi kai hari, sannan wa ya mallaki fili. Kuma turmi-turmi ake lissafi, ba wasan gaba ɗaya ba.

20/ Misali namu: Maris 2023 a Landan, Kamaru Usman da Leon Edwards karo na 3. An cire wa Edwards maki 1 don ya riƙe keji, duk da haka biyu suka rubuta 48 da 46, ɗaya ya rubuta 47 da 47. Mutum 3, wasa ɗaya, kujeru daban, ido daban. Wani lokaci ba cuta ba ce, tsarin ne haka.

21/ Yanzu mu dawo gida. Kawu ya ce duk wannan rikicin na maki baƙonsu ne. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, da kaka ake yi bayan an kai amfani gida, a tashi ƙungiya guda da makaɗa a bi gari-gari. Hannu ɗaya a naɗe da ƙyalle da zare, ɗayan a buɗe yana tsaro.

22/ Shi a nan Kaduna ya yi nasa. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo, unguwannin nan na tsallaken kogi suka cika da ma'aikata daga ko'ina. Ya ce ƙarshen wata ya zame musu kamar kaka: albashi ya fito, nama ya ƙare da wuri, da yamma kalangu ya tashi.

23/ Dokar dambe guda ce babba: kisa. Hannunka, gwiwarka ko jikinka ya taɓa ƙasa saboda duka, an kashe ka, wasa ya ƙare. Ba a bin ka ƙasa. Ba a ƙirga maka 10 a ce tashi ka ci gaba. Turmi 3 ne, in babu wanda ya faɗi a ce babu kisa, kowa ya koma wajen mutanensa.

24/ Ku tsaya ku auna wannan. Kalmar tana da ban tsoro, amma kisa doka ce ta ceton rai. A boksin za a iya kayar da kai sau 2, ka tashi da jiri, a ci gaba da dukan kanka. A MMA kana faɗuwa zai bi ka ƙasa har sai rafali ya iso. A dambe faɗuwa ɗaya ta raba ku.

25/ "Babu kisa" kuma ta kashe gardamar maki tun kafin a haife ta. Kakanninmu ba su ga dole sai an fitar da gwani kowace rana ba. In ba ka kai shi ƙasa ba, ba ka fi shi ba, ku sake haɗuwa wani jiƙon. Ba a buƙatar mutum 3 da biro su fassara abin da dubun jama'a suka gani.

26/ Shi ya sa har yau in ana hirar Shago da Ɗandunawa, waɗanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, wa ya kashe wa ake tambaya, a wane gari, a turmi na nawa. Ba wanda ke cewa an ci shi da ratar maki 2. Tarihin dambe lissafin kisa ne.

27/ Kada ku ce na ce dambe ba shi da gardamar alƙalanci. Akwai ta sosai. Kisa ne ko santsi ne? Duka ne ya kai shi ko ture shi aka yi? Hannun ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba? An busa usur kafin naushin ya sauka? Je ka zauna tsakanin 'yan Kudu da 'yan Arewa ko Guramaɗa ka sha labari.

28/ Kuma dambe ma ya yi nasa gyaran. Akwai lokacin da ake ɗaura akayau na ƙarfe a ƙafa, aka bari. Ana duba naɗin hannu kada a cusa wani abu a ciki. Zare ya kwance, alƙali ya raba a gyara. Ke nan sauya doka don kare ɗan wasa ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ba kuma rashin jarumta ba ne.

29/ Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai ramuka 3 da dokar kisa ba ta toshe ba. Na farko: mutumin da ya tafi amma bai faɗi ba. Idonsa ya juye, garkuwarsa ta sauka, ƙafa ce kawai ke riƙe da shi. A doka ba a kashe shi ba. A zahiri shi ne ya fi kowa shiga haɗari.

30/ Halin da Adesanya ya shiga ke nan ranar, ko kusa da shi. Abin da Kawu ke nufi ke nan. Ya ce su a da manyan ɓangarenka ne ke shiga su janye ka in sun ga ka tafi, ko kana so ko ba ka so. Yau da kuɗi ke kan wasa, ga waya ana ɗauka, wa zai yarda a janye nasa?

31/ Na biyu: nauyi. A al'ada ba sikeli, ɗan dambe ne ke duba abokin karawa ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Wannan kariya ce in mutum na da 'yancin ƙi. Yaron da bai ci komai ba tun safe, ga liƙi ana nuna masa, ga makaɗi na kiran sunan ubangidansa, da wuya ya ce a'a.

32/ Na uku, wanda ya fi damuna: gobe. A inda hukuma ke sa ido kan MMA da boksin, wanda aka sumar ana dakatar da shi wata 1 ko 2, wani lokaci fiye, sai likita ya sa hannu. Dalili: ƙwaƙwalwar da ta jijjiga, in aka sake dukanta kafin ta warke, duka na biyu ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba.

33/ Na gani da idona a wani gidan dambe, ba zan kama suna ba. Aka kashe wani yaro, kansa ya bugi ƙasa, aka kwara masa ruwan leda, aka ɗaga shi ana dariya. Ko sati ba a yi ba na sake ganinsa yana naɗa zare. Na tambayi na kusa da ni, ya ce ai ya sha magani, jikinsa a dafe yake.

34/ Ba na raina laya da tsagar kowa, kowa da abin da ya gada. Amma da a ce a kaka ne, in an gama a wannan gari sai an yi tafiya kafin na gaba, in damina ta faɗi kowa ya koma gona. Jiki na samun hutu. Yanzu gidajen dambe na birni ba su san rani ba, ba su san damina ba.

35/ Kada kuma mu ɗauka suna "na zamani" kaɗai na ceton rai. 29 ga Maris 2025 a Akara, babban birnin Gana, ɗan damben boksin ɗinmu Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi a turmi na 3, ba kuma naushi ne ya kai shi ƙasa a lokacin ba. Ya rasu yana da shekara 40. Awon lafiya kafin wasa ba ado ba ne.

36/ Yau dambe na tsaye kusan inda UFC ta tsaya a 1997. Tun da Dambe Warriors suka fara sa shi a YouTube a 2017, ga kuma African Warriors ta Maxwell Kalu, duniya na kallo. Masu shirya irin waɗannan gasa sun fara kawo ajin nauyi, agogo da ma'aikatan lafiya. Akwai damben mota, akwai kuɗi.

37/ Inda kuɗi da kyauta suka shigo, "babu kisa" ba ta isa, dole wani ya wuce zagaye na gaba. Nan ne takardar maki ke leƙowa, tare da duk rigimar da muka gani a Landan. Ra'ayina: mu yi hattara da wannan aron. Ba duk abin da ke cikin keji ne ya fi namu ba.

38/ Abin da ya kamata mu ara ba shi da tsada: sikeli. Ma'aikacin lafiya da abin hawa a bakin fili. Littafin da ake rubuta wanda aka sumar da ranar da zai dawo, gidajen dambe su riƙa sanar da juna. Da ikon alƙali ya tsayar da wanda ya tafi a tsaye ba tare da an jefe shi da takalmi ba.

39/ Na ƙarshen nan aikinmu ne mu 'yan kallo. Alƙalin da ya san za a zage shi har gida in ya tsayar, gobe zai ƙara jira daƙiƙa 5. A daƙiƙa 5 naushi nawa ke sauka? Mu za mu koma gida mu ci tuwo. Wanda aka bari a ciki, mahaifiyarsa ce za ta yi jinya.

40/ Ƙarashen labarin Adesanya: 8 ga Afrilu 2023 a Miami, wata 5 bayan ranar da muka yi ta ihu, ya sumar da Pereira a turmi na 2 ya karɓo kambunsa. Ba zan rantse cewa tsayarwar Goddard ce ta ba shi wannan ba. Amma wanda aka raba da wuri yana da ramuwa. Kim da Young Ali ba su samu ba.

41/ Na je na gaya wa Kawu yaron ya rama. Bai ko ɗago ba, ya ce: "Ai na gaya maka." Hannunsa na dama har yau ba ya dunƙulewa sosai, amma yana gane jikokinsa duka da sunayensu. Ya ce cikin waɗanda suka sa zare tare, ba kowa ne ya tsufa da wannan ba.

42/ Nan zan tsaya. 'Yan dambe da alƙalai da ke nan, ku gyara min inda na kauce, kun fi ni sani. Sauran kuma ga tambaya: a gasar mota, in an yi turmi 3 babu kisa, a ƙara turmi ko a koma maki? Ku faɗi dalili, ban da zagi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a fage, ya tsare na raye.